Darasi: Zaɓen Wuƙar Aikin Yau da Kullum

Wuƙar aikin yau da kullum ita ce wadda mutum ke ɗauka a aljihu ko a ƙugu, ya yanke igiya da ita da safe, ya gyara kifi da rana, ya feƙe turke da yamma, ya fere mangwaro idan ya zauna hutawa. Ba ta kai wuƙar mahauci iya fiɗa ba, ba ta kai adda sara ba, ba ta kuma kai askar wanzami kaifi ba. Darajarta ita ce tana taɓa kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan gwargwado, kuma tana kusa a lokacin da ake bukatarta. Saboda haka zaɓenta ya fi zaɓen sauran wuƙaƙe wuya, domin mai saye yana neman abu guda ne da zai tsaya masa a wurare da yawa.

A ɗauki misalin unguwar Sabangali, wadda ke bakin kogin Shari a birnin Njamena na ƙasar Chadi, kuma ana danganta sunanta da kalmar Hausa, Sabon Gari. Birnin kansa Faransawa ne suka kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, aka sauya masa suna a 1973. Hausawa sun daɗe a cikinsa: fatake, mahauta, malamai, da maniyyata aikin hajji da suka biyo hanyar gabas ta ƙasa, wasu suka yada zango a nan har zangon ya zama gida. Mazaunin irin wannan unguwa yana rayuwa ne tsakanin ruwa da rairayi. Kogi na ƙofar gidansa, damina tana sauka daga wajen Yuni zuwa Satumba, sannan rani mai tsawo ya biyo baya da ƙurar hunturu, kafin bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Laima da ƙura da zafi duk suna da ta cewa a kan wace wuƙa ce za ta daɗe a hannu.

Aiki ne ke zaɓen wuƙa

Kafin a je kasuwa, mutum ya fara lissafa abin da ya yanka a makon da ya wuce. Masunci da ke kwana a kwalekwale yana yanke zaren koma, yana farke cikin tarwaɗa da ƙarfasa, wuƙarsa kullum a jiƙe. Mai lambu a gaɓar kogi yana yanke salak da kuɓewa, yana gyara tiyon ban ruwa. Direban da ke bin hanyar Masaguet ko ta Mundu yana bukatar abin da zai yanke roba da waya da igiyar ɗaurin kaya. Makiyayi kuwa yana sassaƙa sanda, yana gyara dabaibayi, wata rana ma dabba ta faɗi ba shiri. Waɗannan mutane huɗu ba wuƙa ɗaya suke nema ba, ko da duk sun tsaya gaban tebur ɗaya a babbar kasuwa ko a kasuwar Dembe.

Akwai aikin da ya kamata a cire daga lissafin tun farko, wato yankan layya da duk wani yankan babbar dabba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a wannan yanki, ana yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗage hannu ba kafin a gama, kuma Annabi (SAW) ya yi umarni da a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Gajeriyar wuƙar aljihu ba ta cika wannan sharaɗi a wuyan rago, balle sa. Yanka yana da doguwar wuƙarsa da ake ajiyewa domin shi kaɗai.

Mai kube ko mai naɗewa

Wuƙaƙen da ake ɗauka iri biyu ne. Akwai mai kube, wadda ruwanta da ƙotarta a miƙe suke ba sa motsi, akwai kuma mai naɗewa, wadda ruwanta ke komawa cikin ƙota.

Mai kube ita ce ta gargajiya a duk faɗin wannan yanki. Tubawa da Buzaye da Larabawa makiyaya sun shahara da wuƙar damtse, wadda ake ɗaurawa a hannun hagu da zoben fata, a zaro ta da dama. Ƙarfin mai kube shi ne ba ta da gaɓar da za ta saki. Tana jure danna da murɗa, ana wanke ta tas cikin ɗan lokaci, ba ta da lungun da jini ko ɓawon kifi zai maƙale. Ga mai aikin daji ko na ruwa babu kamarta. Sai dai wuƙar damtse ta asali baki biyu gare ta da tsini mai tsawo, domin an ƙera ta ne don kare kai. Wadda ta dace da aiki ita ce mai baki ɗaya, wadda mutum zai ɗora babban yatsa a gadon bayanta ya danna ba tare da ya yanke ba.

Mai naɗewa ta fi dacewa da zaman birni, don tana shiga aljihu ba ta tsorata kowa. Wasu daga cikin irinta sun daɗe a kasuwannin Afirka. Douk-Douk, wadda kamfanin Cognet ke ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929, ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka ninke, siririya ce, ba ta da tsada, kuma ta bazu sosai a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Okapi ta fito ne daga Solingen ta Jamus a 1902, an yi ta domin kasuwannin Afirka, daga baya ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu a 1988. Opinel kuma Joseph Opinel ne ya fara ta a 1890 a yankin Savoie, a 1955 aka ƙara mata zoben da ake murɗawa ya kulle ruwan. Lamba 8 a cikin jerinta, mai ruwa santimita 8.5, ita ce aka fi ɗauka. Ƙotarta ta itace ce, kuma idan ta sha ruwa tana kumbura har ruwan wuƙar ya ƙi fitowa, abin da masunci ya kamata ya sani kafin ya biya. Akwai kuma ta sojan Suwizalan, irin ta Victorinox, mai haɗe da almakashi da mabuɗin gwangwani da sukudireba. Tana da amfani ga matafiyi, amma ruwanta ƙarami ne, kuma yawancin ƙananan ba sa kullewa.

Babban abin dubawa a mai naɗewa shi ne makullinta. Wuƙar da ba ta kullewa tana iya rufewa a kan yatsu idan aka soka tsininta cikin abu mai tauri. Ƙurar hunturu ma abokiyar gabarta ce: rairayi na shiga gaɓar, yana cin ƙarfen a hankali, har ruwan ya fara rawa. Duk wuƙar da ta cika kwalliya da maɓallai da sifirin ta fi saurin lalacewa a ƙasa mai ƙura. Yawancin masu ƙyalƙyali da ke zube a tebur da sunayen manyan kamfanoni kwaikwayo ne, kuma gaɓarsu ce ke fara tona musu asiri.

Ƙarfe da yadda aka shayar da shi

A nan ne wuƙa ke zama wuƙa ko ta zama tarkace, kuma a nan ne ido ya fi yaudarar mai saye. Baƙin ƙarfe zalla laushi gare shi, ba ya riƙe kaifi. Abin da ke ba shi tauri shi ne ɗan sinadarin kabon da ke cikinsa, irin wanda ke cikin gawayi. Ƙarfen wuƙa yakan ƙunshi daga rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari, ko sama da haka kaɗan. Rodin gini da fallen tanki ba su kai wannan ba, shi ya sa wuƙar da aka buga daga gare su take dakushewa tun kafin a gama yanka albasa, komai washin da aka yi mata.

Maƙeran da suka san aikinsu sun daɗe da gano inda ƙarfe mai kyau yake. Tun da aka daina haƙo tama ana narkarwa, tsohon sifirin ɗin mota ya zama abin nemansu, sai tsohon magagari da tsohon zarto. Sifirin yana da kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari, yana da juriya, ba ya saurin karyewa. Magagari ya fi shi tauri da riƙe kaifi, amma ya fi shi saurin ɓallewa idan ba a sassauta shi da kyau ba. Don haka tambayar farko ga maƙeri, ko Bahaushe ne ko ɗaya daga cikin waɗanda Larabcin Chadi ke kira Haddad, ita ce: da wane ƙarfe aka yi ta?

Ƙarfe mai kyau ma bai wadatar ba sai an shayar da shi daidai. Maƙeri yana sa ruwan wuƙar a wutar gawayi, wanda maƙera suka fi so ya zama na ƙirya saboda zafinsa da daɗewarsa, yaro na buga zugazugi, har ƙarfen ya yi ja jawur, zafinsa ya kai wajen digiri 800. A daidai wannan zafi maganaɗisu ba ya kama shi. Sai ya ɗauko shi da awartaki ya tsoma cikin mai ko ruwa nan take. Ƙarfen ya fito da tauri ƙwarai, amma kamar gilashi yake, faɗuwa ɗaya na iya raba shi biyu. Saboda haka sai a goge shi ya yi fari, a sake ɗumama shi a hankali, ana kallon launinsa. Idan ya yi ruwan ƙasa-ƙasa mai haske kamar busasshen kara, wato wajen digiri 200 da 'yan kai, an kai inda ake so. Idan aka bari ya wuce ya yi shuɗi, bakin ya yi laushi. Wannan mataki na biyu shi ne mai gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ya sa wata wuƙar ke ɓarewa a baki da zarar ta haɗu da ƙashi.

Wani irin kuma shi ne ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, wanda ake buga wa hatimin Inox ko Stainless. Harry Brearley ne ya samar da shi a Sheffield ta Ingila a 1913, kuma sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke yi wa ƙarfen wata siririyar riga da ke hana laima cinsa. Ga wanda aikinsa ke cikin ruwa da kifi da lemun tsami, wannan babbar fa'ida ce. Amma hatimin ba ya faɗin komai game da kaifi. Akwai mai kyau, akwai kuma mai arha da ba shi da isasshen kabon, yana walƙiya kamar madubi alhali ba ya yanka igiya. Baƙin ƙarfen maƙera kuwa yana tsatsa idan aka yi sakaci, amma yana ɗaukar kaifi da sauri a kan dutse ko wane iri, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ke nesa da gari. Wanda zai iya goge wuƙarsa bayan kowane aiki, baƙin ƙarfe ya fi masa. Wanda ya san ba zai iya ba, ya nemi marar tsatsa daga kamfanin da aka sani.

Tsawo da siffa

Ruwan da ke tsakanin santimita 8 zuwa 12, wato kusan faɗin tafin hannun babban mutum, ya isa kusan kowane aiki. Kaurin gadon baya kuma milimita 2 zuwa 3. Matasa sukan so doguwa mai kauri, amma irin wannan nauyi ne kawai: ba ta fere doya da kyau, ba ta shiga cikin kifi, kuma ba a jimawa ake barin ta a gida. Bakin ya kasance a miƙe daga ƙota, sannan ya lanƙwasa a hankali zuwa tsini, domin miƙaƙƙen wurin na sassaƙa ne, lanƙwasar kuma ta fiɗa. Baki mai haƙora kamar zarto yana cin igiyar roba da kyau, sai dai ba a iya wasa shi a kan dutsen gida.

Ƙota da kube

A wuƙa mai kube, ƙarfen ruwan yana da wutsiya da ke shiga cikin ƙota. Mafi ƙarfi ita ce wadda wutsiyar ta bi ƙotar har ƙarshe, ana ganin ƙarfen tsakanin itace biyu da aka ɗaure da ƙusa biyu ko uku, ko kuma ta fito ta gindi aka dake ta. Wadda aka cusa wa gajeriyar wutsiya kawai cikin itace tana sakin jiki idan rani ya busar da itacen. Itacen aduwa da na ƙirya da na kanya duk suna yin ƙota mai daɗewa, haka ma ƙaho. Ƙotar ƙarfe mai sulɓi kuwa tana zamewa a hannu mai gumi ko mai majinar kifi, kuma idan ta sha rana ba ta riƙuwa. Ya kamata ƙota ta cika hannu, yatsu huɗu su zauna a kanta, a kuma sami ɗan tudu ko lanƙwasa da zai tare yatsa kada ya zarce kan baki.

Kube ba ado ba ne. A sa wuƙar a ciki a kifar da shi, a girgiza. Idan ta faɗo, ba kube ba ne. A duba ɗinkin gefen da bakin ke bi: baduku mai lura yana sa wani ƙyallen fata a tsakani don kada kaifi ya ci zaren, wasu kuma suna yin ciki da siririn itace. Akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana da sinadarin da ke yin baƙi idan ya haɗu da ƙarfe da laima, kuma da irin wannan haɗuwa ce dukawa ke samun baƙin rinin kuloko. Wannan na nufin baƙar wuƙar da aka bari cikin kube mai danshi a watan Agusta za ta fito da tabo da ramukan tsatsa. Idan za a daɗe ba a yi aiki da ita ba, a ajiye ta a waje da kuben.

Gwaji a gaban mai sayarwa

Mai saye ya ɗaga wuƙar daidai idonsa, ƙota na wajensa, ya bi gadon bayan da kallo kamar mai duba miƙewar gora. Karkata ko murɗewa alama ce ta shayarwar da ba ta yi daidai ba. Ya juyo bakin sama a cikin rana: baki mai kaifi ba ya walƙiya, duk inda ya ga ɗan farin layi to wurin a dakushe yake ko ya lanƙwashe. Ya nemi tsagewa, musamman kusa da ƙota. Idan a maƙera ne, ya roƙi a goga magagari a bakin. A ƙarfen da ya sha daidai magagarin zai riƙa zamewa yana ci da ƙyar, a mai laushi kuwa zai nutse yana zubar da gari. Sannan ya yanka wani abu na gaske, guntun igiya ko busasshen reshe, sau goma ko fiye, ya sake duba bakin. Maƙerin da ya yarda da aikinsa ba ya ƙin wannan gwaji. Ga mai naɗewa, a buɗe ta a kulle, a kama ruwan ta gadon baya a motsa shi hagu da dama, gaba da baya. Ko ɗan motsi aka ji, zai ƙaru ne, ba zai ragu ba.

Washi da kulawa

Wuƙar da mai ita bai iya wasa ta ba, ta 'yan kwanaki ce. Ana jiƙa dutsen washi da ruwa, a kwantar da ruwan wuƙar a kai, a ɗaga gadon bayan kaɗan, kimanin digiri 20. Hanya mai sauƙi ta gane wannan ita ce a tsayar da wuƙar tsaye a kan dutsen, a kwantar da ita rabi, a sake kwantar da ita rabin wannan. Sai a riƙa tura ta kamar ana son yanko siririn yanki daga dutsen, daga ƙota har tsini, ba tare da sauya kusurwar ba. Ana ci gaba har a ji ɗan gashin ƙarfe ya taso a ɗaya gefen, sannan a juya a yi haka. A ƙarshe a ja bakin da baya-baya a kan tsohuwar fata don cire gashin. Injin washi na kasuwa yana da sauri, amma yana cin ƙarfe da yawa, kuma idan aka ga bakin ya yi shuɗi to zafi ya warware shayarwar da maƙeri ya yi.

Bayan aiki a wanke, a goge ta bushe, a shafa ɗigon man gyaɗa ko na riɗi idan ana taɓa abinci da ita. Ba a shafa baƙin mai na inji a wuƙar abinci. Gaɓar mai naɗewa kuma a riƙa hure mata ƙura, a sa mai kaɗan ƙwarai, domin mai da yawa rairayi yake tarawa. Ba a ɓamɓare ƙusa ko murfin gwangwani da tsini, ba a yanka a kan siminti ko faranti, ba a kuma soka ta a ƙasa don ajiyewa.

Ɗaukar wuƙa cikin jama'a

Wuƙa kayan aiki ce a gona da bakin kogi, amma jami'in tsaro makami yake gani idan ya same ta a jikin mutum a cikin taro. Njamena ta ga hare-haren bam a watannin Yuni da Yuli na 2015, ɗaya daga ciki a ƙofar babbar kasuwa, kuma abin ya sa aka tsananta binciken mutane a wuraren taruwa. Wanda zai shiga ma'aikata, makaranta, asibiti ko filin wasa ya bar wuƙarsa a gida. Mai tsallaka gadar Ngeli zuwa Kuseri ya tuna cewa iyakar ƙasa ce, da jami'ai a kowane gefe. A filin jirgin sama na Hassan Djamous, kamar sauran filaye, wuƙa tana shiga jakar da ake aunawa ne, ba ta hannu ba. Mai aikin da ke bukatarta ya sa ta cikin jakar kayan aikinsa, kuma ya tambayi hukuma abin da dokar wurin ta tanada kafin ya ɗaura ta a ƙugu.

Wajen aiki, ana yanka ne ana nesanta bakin daga jiki, ɗaya hannun kuma yana bayan wuƙar. Ba a sassaƙa abu a kan cinya, domin babbar jijiyar jini na bi ta cikinta. Idan wuƙa ta suɓuce, a janye ƙafa a bar ta ta faɗi. Idan za a miƙa wa wani, a rufe ta ko a mayar da ita kube, in ba haka ba a miƙa ƙotar, bakin na kallon waje. Dakusasshiya ta fi mai kaifi jawo rauni, don sai an danna ta da ƙarfi, daga nan ta zame. A gida kuwa a rataye ta inda hannun yara ba ya kaiwa. Idan aka yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama har jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a zuba ƙasa ko toka. Rauni mai zurfi, ko wanda ƙasa ko kashin dabbobi ya shiga, ana kai shi asibiti a ranar, domin ɗinki da allurar rigakafin tetanos, cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora.